Hollywood a Kunnen Mai Ɗaukar Sauti

Sana'ata ɗaukar sauti ce. Na fara a gidan rediyo, daga baya na koma bin 'yan fim lokeshan a Kano. Ni ne mai riƙe doguwar sandar nan da makirufo a bakinta, wanda darakta ke yi wa tsawa idan inuwarsa ta faɗo cikin hoto. Shi ya sa da ɗan ƙanwata da ke aiki a Los Angeles ya aiko mini da takardar gayyata, ya tambaye ni abin da nake son gani, ban ce teku ba, ban ce kantuna ba. Na ce ya kai ni wuraren da aka fara haɗa murya da hoto. Ya yi dariya a waya ya ce, "Kawu, jama'a na zuwa ganin taurari, kai kuma za ka zo kallon bango?" Na ce bangon nake so.

Duk da haka sai da ya fara kai ni titin Hollywood Boulevard, wai idan na koma gida ba hoton wurin ba mai yarda na je. Hayaniya ce kawai: masu sayar da riguna da hulunan tsaraba, da waɗanda suka yi shigar jaruman fim suna jira ka ɗauki hoto da su ka miƙa dala. Taurarin nan masu ɗauke da sunayen shahararrun mutane, da aka fara dasawa a daɓen gefen titi tun 1960, kowa takawa yake, har karnuka. Guda ɗaya ce ƙafa ba ta kai mata, ta ɗan dambe Muhammad Ali, wadda aka manna a bango a mashigar gidan wasan Dolby, don ya ce bai yarda a riƙa taka sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Na tsaya na yi masa addu'a, muka wuce.

Taku kaɗan sai ga silimar da Sid Grauman ya gina da fasalin gine-ginen Sin, aka buɗe ta a watan Mayun 1927. A farfajiyarta ne jarumai ke danna tafin hannu da sawun ƙafa a ɗanyen siminti. Na bi ina dubawa har na sami na John Wayne, wanda shi dunƙulen hannu ya buga, da kuma kofaton Trigger, dokin Roy Rogers. Iyayenmu da suka riski silimar Rex ta Kano, wadda aka buɗe a 1937, waɗannan kaboyin suka kalla, mu ma mun tsinci ragowarsu a Plaza da Orion kafin Indiya da Chanis su cinye kasuwar. Na ɗora ƙafata a kan sawun takalmin John Wayne, sai ga shi na rufe shi ruf. Mutumin da muke gani ya cika allo!

A tsallaken titi akwai otal ɗin Roosevelt, inda aka yi bikin ba da kyautar Oscar na farko ran 16 ga Mayu 1929. Walimar cin abinci ce ta mutum kamar 270, tikiti dala 5, rabon kyaututtukan kuma bai fi minti 15 ba. Wanda ya ci gwarzon jarumi, Bajamushen nan Emil Jannings, bai halarta ba. Ya karɓi kyautarsa tun kafin ranar ya koma Jamus, domin fim ya fara magana, Turancinsa kuwa da nauyin Jamusanci yake fita. A shekarar da aka ce ya fi kowa, a shekarar aikinsa ya ƙare a Amurka. Daga nan tafiyata ta fara.

Ginin da na fi ɗokin gani yana kan titin Sunset, fari ne tas mai jerin dogayen ginshiƙai a gaba. Shi ne tsohon situdiyon 'yan'uwan nan huɗu, Harry da Albert da Sam da Jack Warner, 'ya'yan wani Bayahude mai gyaran takalma da ya yi ƙaura daga Folan. Har yanzu ana aiki a ciki, ba a barin 'yan kallo, don haka daga bakin titi na tsaya. A nan aka ɗauki The Jazz Singer, wanda aka fara nunawa a New York ran 6 ga Oktoba 1927. Ana ce masa fim mai magana na farko, amma duk wanda ya kalle shi ya san galibinsa bebe ne: a motsa baki, a sako rubutu a allo. Hirar da ke cikinsa duka ba ta fi ta minti biyu ba, sauran waƙoƙin Al Jolson ne, wasu ma ya yi su ya shafe fuska da baƙin fenti yana kwaikwayon baƙar fata, abin da a lokacin ake ɗauka wasa. Minti biyun nan su suka hargitsa kasuwa. Sam, wanda shi ya nace wa 'yan'uwansa su zuba kuɗi a harkar sauti, ya rasu ana gobe za a nuna fim ɗin.

Na'urar da suka yi aiki da ita, Vitaphone, ni da na san wahalar daidaita baki da murya sai da na tausaya wa masu haska fim na lokacin. Sautin ba ya jikin fim ɗin. Yana kan faifan garmaho mai faɗin inci 16, kowane nadin fim da faifansa, minti goma sha ɗaya ko kusa da haka. Mai haskawa zai ɗora allura a kan wata 'yar alama, ya tayar da su tare. Allura ta yi tsalle, shi ke nan, sai ka ga mace ta buɗe baki muryar namiji na fita, haka za a tafi har nadin ya ƙare. Idan kuwa fim ya tsinke aka yanke wani yanki, dole a ƙirga gidajen hoton da suka lalace a liƙa baƙaƙe daidai adadinsu. Kamfanin Fox ya bi wata hanyar, ya sa sautin a wani siririn layi a gefen fim ɗin kansa, ita ce kuma ta yi nasara. Zuwa 1931 su Warner ma sun ajiye faifai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin ɗaurin da sauti ya yi wa masu aikin. A zamanin beben fim, darakta na ihu yana ba da umarni ana cikin ɗauka, ga masu goge a gefe suna kiɗa don hawaye ya zo wa jaruma, ga kafintoci na buga ƙusa a fim ɗin maƙwabta, ba ruwan kowa. Da makirufo ya shigo, kowa ya kama bakinsa. Kyamarar tana ƙara, sai aka kulle ta da mai ita a wani akwati mai tagar gilashi, ba iska, mutum ya fito sharkaf da gumi. Fitilun da aka saba da su suna tsuwa, aka sauya su da wasu marasa ƙara amma masu zafin tsiya. Makirufon kansa ba ya jin nesa, sai a ɓoye shi cikin tukunyar fure ko bayan wayar tarho, jarumai su taru a kansa suna magana ba mai motsi. In ka ga fim ɗin 1929 mutane sun yi cirko-cirko a gefen tebur, to tukunyar furen suke yi wa magana. Sandar nan tawa ita ta kwance su. Ana danganta farkonta ga darakta Dorothy Arzner, wadda a 1929 ta sa aka ɗaura makirufo a sandar kamun kifi ana bin Clara Bow da shi duk inda ta nufa.

Don in ga inda wannan ya kai su muka tafi Burbank, bayan tsaunin da aka kafa sunan Hollywood a kai, filin da Warner suka mallaka bayan sun sayi kamfanin First National da ribar sauti. Na zaɓi zagayen da ya shafi tsofaffin fina-finai, aka ɗora mu a 'yar motar lantarki. Abin da ya cika wurin manyan ɗakuna ne masu ruwan ƙasa, ba taga ko ɗaya, kowanne da lambarsa, a bakin ƙofa kuma allon ƙarfe mai jerin fina-finan da aka yi a ciki tun shekarun 1930. Sama da ƙofar akwai jar fitila, in ta kama ba shiga ba fita.

Aka shigar da mu wani da ba a aiki a ciki. Ƙofar kaɗai kaurinta ya isa abin kallo. Bangon an lulluɓe shi da wani abu mai laushi kamar katifa, an danne da ragar waya, ya yi baƙi don tsufa. Na bari ayarinmu suka yi gaba, na tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Tafin ya fita, bai dawo ba. Ɗaki mai girman da zai ci gidaje da yawa, amma ba amsa-kuwwa ko ƙanƙani, kuma ba ka jin motar da ke wucewa a waje. Ɗan ƙanwata ya juyo ya ce, "Kawu, lafiya?" Na ce ƙalau, aiki nake. Ni da na saba ɗaukar murya a gidan aro, ina roƙon maƙwabci ya kashe janareta, ina jiran mai tallan kalanzir ya wuce, ana gama wannan zakara ya ɗauka, na san kuɗin da shirun nan ya ci. Mafi tsayi a cikin ɗakunan shi ne mai lamba 16, wanda a tsakiyar shekarun 1930 aka ɗaga shi ɗungurungum daga ƙasa aka ƙara masa ƙafa 30, saboda wani fim na Marion Davies, attajirin jaridu William Randolph Hearst ya biya.

To, shiru irin wannan ba ya saye sai mai ƙarfi. A gina ɗakuna, a sayi na'urori, a sa lasifika a dubban gidajen silima, duk bashin banki ne, ga kuma karyewar tattalin arzikin 1929 ta biyo baya, har Paramount da RKO suka durƙushe a 1933 kafin su miƙe. Waɗanda suka tsira sun zama sarakai. Biyar ne manya: MGM, Paramount, Warner, Fox da RKO, wanda shi don a sayar da na'urar sautin kamfanin RCA ma aka kafa shi a 1928. Ƙarfinsu ba a situdiyo yake ba, a gidajen silima yake, don su ke yin fim, su ke rarrabawa, su ke da manyan silimun birane. Mai ƙaramar silima a ƙauye in yana son fim ɗin babban jarumi, sai ya sayi tarin wasu da bai ma gani ba. Universal da Columbia da United Artists suna biye. MGM a ganiyarsa kusan fim ɗaya yake fitarwa duk mako. Makaɗan da ke kiɗa a gaban allo a zamanin beben fim kuwa, dubbai, sallamarsu aka yi.

Jaruman da muke gani kamar su ke da garin, ma'aikata ne masu kwantiragin shekara bakwai. Kamfani na iya sallamarka duk bayan wata shida, kai ba ka da ikon tafiya. Shi zai zaɓa maka fim, ya ba da aronka ga wani kamfanin ya karɓi kuɗin, ya sauya maka har suna. Archibald Leach ya koma Cary Grant, Marion Morrison ya koma John Wayne, Joan Crawford kuwa gasa aka sa a mujalla masu karatu suka raɗa mata. Margarita Cansino an rina mata gashi, an cire na gaban goshi da lantarki don kada ta yi kama da 'yar Sifen, aka ce ga Rita Hayworth. Judy Garland da bakinta ta ba da labarin ƙwayoyin da ake ba ta tana yarinya, na hana barci da na sa barci. Wanda ya ƙi fim a dakatar da shi ba albashi, a kuma ƙara kwanakin a ƙarshen kwantiraginsa. Bette Davis ta kai ƙara a Landan a 1936 ta sha kaye. Olivia de Havilland ce ta karya abin: ta shigar da ƙara a 1943, a 1944 kotun Kalifoniya ta ce shekara bakwai na nufin shekara bakwai ta kalanda. Har yau da sunanta ake kiran hukuncin. Na so a ce 'yan wasanmu da ake sallama da kuɗin mota sun san labarinta.

Akwai kuma matsalar harshe. Beben fim ba shi da ƙabila, a sauya rubutun allo kawai ya shiga kowace ƙasa. Da ya fara Turanci, kasuwar waje ta nemi kuɓucewa, dabarar ɗora wata murya a kan bakin jarumi kuwa ba ta nuna ba tukuna. Sai suka koma yin fim ɗaya sau biyu ko uku. A Universal, lokacin Dracula na 1931, Bela Lugosi da ayarinsa su yi aiki da rana, da dare wasu 'yan wasan su shigo ɗaki guda, kaya guda, su yi shi da Sifaniyanci. Greta Garbo ta yi Anna Christie da Turanci ta sake yi da Jamusanci. Laurel da Hardy, ramamme da ƙato, a allo ake rubuta musu Sifaniyanci da Faransanci yadda ake furtawa, suna karantawa ba su san me suke cewa ba. Yaran da ke fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa a ɗan ɗaki da kwamfuta ɗaya, abin da ya gagari manyan Hollywood a 1930 suke yi kafin la'asar.

A bayan ɗakunan Burbank akwai unguwannin bogi. Titin New York, dandalin ƙaramin gari, da wani ɗan lungu da suke kira titin Faransa, inda aka ɗauki Faris ɗin da ke cikin Casablanca na 1942. Na ƙwanƙwasa wani bango da na ɗauka dutse ne, ya amsa da muryar katako. Na leƙa ta wata ƙofa, babu ɗaki a bayanta, sai tokaran da suka riƙe fuskar ginin. Ba wanda ya taka Maroko don fim ɗin nan. Kusan duka a nan aka yi shi, in ban da fitowa ɗaya a filin jirgin Van Nuys. Jirgin da ke bayan Humphrey Bogart da Ingrid Bergman a ƙarshe ƙarami ne na katako, aka sa wadanni su yi shigar makanikai suna zagaya shi don ya yi girma a ido, aka cika ɗakin da hazo. Dooley Wilson da ke zaune gaban fiyano makaɗin ganga ne, wani ke kaɗawa a gefe yana bin sa da yatsu. Abin da ba na bogi ba shi ne muryoyin. Daraktan, Michael Curtiz, ɗan Hangari ne, 'yan wasan da yawa kuma 'yan gudun hijira ne na gaske daga Turai. Conrad Veidt, wanda ya fito a hafsan Nazi, shi kansa gudu ya yi daga Jamus da matarsa Bayahudiya. Nauyin harshen da ya kori Jannings a 1929, shi ya zama gishirin wannan fim.

Mai yi mana bayani ya taɓo batun tace fina-finai, na gyara zama, don a Kano tun da aka kafa hukumar tacewa a 2001 ba a daina wannan muhawara ba. Su ma magana ce ta jawo musu. Fim na bebe limaman coci na ƙorafi, ya fara zance da habaici da ƙarar bindiga sai abin ya ƙazanta. A 1930 kamfanonin suka amince da wasu ƙa'idoji da wani limamin Katolika, Daniel Lord, da mawallafi Martin Quigley suka rubuta, ƙarƙashin ofishin Will Hays, shugaban ƙungiyar kamfanonin. Shekara huɗu ba wanda ya bi. Sai da Katolika suka yi barazanar ƙaurace wa silima, a watan Yulin 1934 aka ɗora Joseph Breen a kan tacewar, aka ce duk labari sai ya gani kafin a kunna kyamara, wanda ya fitar da fim ba hatiminsa tarar dala 25,000. Mai laifi ba ya cin riba, ba a yi wa malamin addini ba'a, ba tsiraici, ba doguwar sumba. Rigar Jane ta fim ɗin Tarzan a 1934 da wadda ta sa a 1936 kaɗai sun isa su nuna maka ranar da Breen ya hau kujera.

Ɗan ƙanwata ya ce ai takura ce kawai. Ni ban tafi nan gaba ɗaya ba. Marubutan da aka hana faɗin abu ɓaro-ɓaro sun koyi faɗinsa da kallo, da rufe ƙofa, da zance mai harshen damo, kuma rabin daɗin fina-finan shekarun 1940 daga nan yake. Inda na tsaya musu shi ne, ƙa'idojin da suka hana zagi su ne kuma suka haramta nuna soyayya tsakanin baƙi da fari, ba su kuma ga laifin mayar da baƙar fata abin dariya ko ɗan dako ba. Tarbiyyar tasu ta san inda take tsayawa.

Mu ma mun sha a hannunsu. Afirkar Tarzan na 1932 a Kalifoniya take, aka cakuɗa da ragowar hotunan da MGM ya ɗauko a gabashin Afirka don Trader Horn, mutanenta kuwa ba su da aiki sai ɗaukar kaya a ka da faɗowa daga dutse. Beau Geste na 1939, na Gary Cooper, labarin sojan Faransa ne a wani sansani da suka kira Zinderneuf, Buzaye na kawo musu hari. Bazindire zai ji sunan ya ɗaga kai, amma yashin na kusa da Yuma ne, a iyakar Kalifoniya da Arizona, maharan kuma ba wanda aka ba bakin magana. Na tuna yadda muke tafi a silima idan akta ya harbo irin waɗannan daga kan doki.

Wani dare muka shiga silimar Egyptian, wadda Grauman ya gina a 1922, aka gyara ta aka sake buɗewa a 2023. Wani fim na farkon shekarun 1930 ake nunawa. Rabin lokacin idona a rufe yake. A ƙarƙashin kowace magana akwai wani siririn "shhh" da ba ya yankewa, ba kiɗa a bayan hira, takun ƙafa kuma ya fi ƙarfin ƙafar. Kunnena ya gaya mini inda makirufon yake a kowace fitowa. Cikin 'yan shekaru suka magance duk wannan. A 1933 Max Steiner ya yi wa King Kong kiɗa mai bin motsi, Murray Spivack kuma ya haɗa kukan gwaggon birin daga rurin zaki da na damisa, ya juya shi baibai ya rage masa gudu. A Universal wani Jack Foley ya ƙware wajen kallon allo yana taka ƙafa da motsa tufafi daidai da jarumi, har yau da sunansa ake kiran sana'ar. Silimar Egyptian na cikin 'yan ƙalilan da ke iya haska tsohon fim na asali, irin mai kamawa da wuta kamar fetur. Irinsa ne ya ƙone a rumbun Fox a 1937 da na MGM a 1965. Ɗakin karatu na majalisar Amurka ya ƙiyasta a 2013 cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen bebayen fina-finansu sun ɓace. Su ke nan masu rumbu. Sai na tuna kaset-kaset ɗinmu na shekarun 1990, tun daga Turmin Danya, da zafin Kano da ƙura.

Paramount ne kaɗai babban da ya rage a cikin unguwar Hollywood kanta, a titin Melrose, ya ma haɗiye tsohon filin RKO da ke jikinsa, inda aka yi Citizen Kane na 1941. Mun tsaya a tsohuwar ƙofarsa mai baka, muka bi titin Gower zuwa mahaɗarsa da Sunset. A wannan kwanar ce kaboyin gaske, makiyayan da aikin shanu ya ƙare musu, ke taruwa da huluna da takalmansu suna jiran ƙananan kamfanoni su ɗauke su aikin yini, kamar yadda leburori ke zama da shebur a bakin titi da sassafe suna jiran mai gini. Yanzu rukunin kantuna ne da aka yi wa fasalin garin kaboyi.

Bangon bayan Paramount kuwa maƙabarta ce, Hollywood Forever. Jarumi Rudolph Valentino na nan, da darakta Cecil B. DeMille, da jarumi Douglas Fairbanks mai kabari da dogon tafkin ruwa a gaba. A bakin wani tafki na sami dutse mai ruwan hoda da sunan Hattie McDaniel, amma ba ta ƙarƙashinsa. 'Yar bayin da aka 'yanta ce, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, ran 29 ga Fabrairu 1940, saboda fitowarta a baiwa a Gone with the Wind. Ba a bar ta ta halarci bikin buɗe fim ɗin a Atlanta ba, a daren kyautar ma wani ɗan tebur aka ware mata a gefe, nesa da abokan aikinta. Ta bar wasiyya a binne ta a nan, da ta rasu a 1952 aka ce ba a binne baƙi. Sai a 1999 sababbin masu wurin suka nemi a dawo da ita, danginta suka ce a bar ta inda take, aka kafa dutsen.

Ranar Juma'a muka yi salla a Masallacin Sarki Fahad da ke Culver City, wanda aka buɗe a 1998, sahu ɗaya da Larabawa da 'yan Pakistan da baƙaƙen Amurka. Daga nan zuwa tsohon MGM ba nisa. Yanzu Sony ke da shi, amma ginin ofishin da aka sa wa sunan Irving Thalberg, wanda ya riƙe ragamar fina-finansu har ya rasu a 1936 yana da shekara 37, yana nan, haka ɗakunan da aka yi The Wizard of Oz a 1939. Abin da ya rushe daular bai zo daga cikin situdiyo ba. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da gwamnati ta kai Paramount da sauran, aka hana sayar da fim a dunƙule, aka raba su da gidajen silimarsu. Ba tabbacin allo, ba dalilin ciyar da ɗaruruwan jarumai da marubuta da kafintoci duk wata. Talabijin kuma ta shigo falo. RKO ya daina fim a 1957. A 1970 MGM ya yi gwanjon kayansa, tufafi da karusai da kujeru, jan takalmin Judy Garland ya tashi a dala 15,000, filayen bayan kuma aka sayar wa masu gina gidaje.

Na ce ya kai ni inda unguwannin bogin suke a da. Muka shiga wata unguwa mai tsafta, gidaje iri ɗaya, ciyawa a aske, kwandunan shara a jere a bakin ƙofa. Allon titi ɗaya an rubuta Garland, na gaba Astaire, wani Hepburn. Wani dattijo na wanke mota, ya ɗaga mana hannu. Na tambayi yaron nawa gida ɗaya zai kai a nan. Ya faɗa da dala, na fara bugawa a waya in mayar naira, ya karɓe wayar ya ce, "Kawu, bari, kada hawan jininka ya tashi. Mu je mu ci abinci kafin hanya ta cushe."